Amsa Tambayoyi a Intanet: Ina Matsayinsa a Ma'aunin Aikin Ilimi?

Taƙaitawa

Wannan takarda sharhi ce a kan ra'ayoyi biyu masu karo da juna game da amsoshin da masana suke rubutawa kyauta a shafunan tambaya da amsa na intanet. Ra'ayi na farko yana cewa a lissafa makin da mutum ya tara a can cikin takardun neman aiki da na ƙarin girma. Na biyu yana cewa duk abin da bai fito a mujallar bincike ba, hira ce kawai. Mun duba hujjojin kowane ɓangare, sa'an nan mun ba da shawarar yadda sassan jami'o'inmu za su iya auna irin wannan aiki.

1. Gabatarwa

Bahaushe ya ce matambayi ba ya ɓata, amma bai faɗa mana abin da mai nuna hanyar yake samu ba. Tun da aka buɗe shafin Stack Overflow a shekarar 2008, da na MathOverflow a 2009, dubban masana suke kashe sa'o'insu suna warware matsalolin mutanen da ba su taɓa gani ba, ba tare da an biya su ko dala ba. Wasu amsoshin layi biyu ne, wasu kuwa sun kai tsawon maƙala, da hujjoji da misalai. Tambayar da ta biyo baya ita ce: wannan aiki yana da gurbi a cikin takardar tarihin aikin mutum, wadda muka saba kira CV? In yana da shi, a ƙarƙashin wane babi, kuma da wane nauyi?

Maganar ta shafe mu a nan Nijar. Malamin jami'a ba ya hawa daga mataki zuwa mataki sai dosiyensa ya bi ta hannun CAMES, majalisar ilimi mai zurfi ta ƙasashen Afirka da Madagaskar, wadda aka yanke shawarar kafawa a Yamai a shekarar 1968, mazauninta kuma yana Wagadugu. Kwamitocinta na ƙwararru suna duba koyarwa da kula da ɗalibbai da hidimar jami'a, amma kowa ya san abin da ya fi rinjaye a ma'aunin shi ne maƙalun da aka buga a mujallun da masana suke tacewa. Sabili da haka matashin malami a Maraɗi ko Damagaram ko Tawa, mai aji cike da ɗalibbai da ƙarancin lokaci, tilas ya yi lissafi: daren da ya raya yana rubuta amsa mai kyau, dare ne da bai taɓa maƙalarsa ba. In jami'a ta ce masa aikin banza ne, zai daina, masu tambaya su yi hasara. In kuwa ta ce kowane maki abin lissafi ne, ta buɗe ƙofar da rufe ta zai yi wuya.

Za mu fara da tarihin wannan salon ilimi, mu duba ra'ayoyin biyu ɗaya bayan ɗaya, mu taɓo maganar suna da mallaka, kafin mu kawo shawararmu.

2. Tambaya da amsa tsohuwar hanya ce

Wanda ya ce amsa tambaya ba rubutun ilimi ba ne, ya manta da tarihin yankinmu. Bayan da Askiya Muhammadu ya karɓi mulkin Songhai a shekarar 1493, ya gabatar wa Shaihu al-Magili jerin tambayoyi a kan mulki da shari'a, amsoshin kuma suka zama littafin da malumman ƙasar Hausa suka yi ta kafa hujja da shi har zamanin jihadi. John Hunwick ya buga shi da fassara da sharhi a 1985. A shekarar 1493 ɗin ne kuma wasiƙar wani malami mai suna al-Lamtuni ta isa Masar daga ƙasashen Takrur, ɗauke da tambayoyi zuwa ga Imam Suyuɗi, wanda ya amsa ya kuma sa su cikin tarin fatawowinsa. A 1615 Ahmad Baba na Tumbutu ya amsa tambayoyin mutanen Tuwat a kan bauta, amsar da masana tarihi suke nazari har gobe. Babban kundin al-Wansharisi, wanda ya rasu a Fas a 1508, kusan dukansa tambayoyi ne da amsoshin malummai.

Haka abin yake a Turai. A Faransa an fara buga L'Intermédiaire des chercheurs et curieux a 1864, sa'an nan a 1894 Laisant da Lemoine suka kafa L'Intermédiaire des mathématiciens, mujallar da ba ta da wani aiki sai buga tambayoyin masana lissafi da amsoshin da ƴan uwansu suka aiko. A garin Lwów, daga 1935 zuwa 1941, masana lissafin Polan suna rubuta matsaloli a wani littafi da suka aje a gidan shan gahawa, wasu suna alkawarin tukuici ga wanda ya warware tasu. Mazur ya yi alkawarin dinya mai rai a kan matsala ta 153, ya kuma cika alkawarin a 1972 sa'ad da Per Enflo ɗan Suwidin ya warware ta.

Mai karatu ya lura da abin da ya haɗa waɗannan misalai. An san wanda ya ba da amsa, kuma shi ke ɗauke da alhakinta. Amsar tana tafe da hujja, ana iya bin ta a gane inda ta tsaya da inda ta karkace. An adana ta a wurin da na baya za su same ta. Daga ƙarshe, masu sanin fannin ne suka yanke mata hukunci. Enflo ya karɓi dinyarsa, amma abin da ya ɗaga shi a jami'a shi ne maƙalar da ya buga a mujallar Acta Mathematica a 1973. Waɗannan sharuɗɗa huɗu, wato suna da hujja da adanawa da hukuncin masana, su ne mudun da za mu auna sabon salon da shi.

3. Ra'ayi na farko: a lissafa maki

Jeff Atwood da Joel Spolsky, waɗanda suka kafa Stack Overflow domin masu rubuta manhajar kwamfuta, sun gina shi a kan ƙuri'a. Duk wanda ya ji daɗin amsa yana iya yaba ta, marubucinta ya sami maki 10. In mai tambaya ya zaɓe ta a matsayin wadda ta biya masa bukata, a ƙara masa 15. Ƙuri'ar suka kuma tana rage maki 2. Jimlar ita ce ake kira darajar mutum a shafin. Jon Skeet, ɗan Ingila, shi ya fara kai maki miliyan 1 a watan Janairu na 2018.

Masu ra'ayin farko suna cewa ga alƙalanci a fili, wanda ya fi na mujalla adalci, tun da maimakon mutum biyu ko uku da ba a san su ba, ɗaruruwan masu sana'a ne suka karanta suka yi hukunci. Maganar tana da daɗin ji, amma tana da rauni ta fuska biyar.

Na ɗaya, makin yana auna yawan masu wucewa ne fiye da zurfin amsa. Tambaya mai sauƙi da kowane ɗan koyo yake cin karo da ita tana jawo dubban masu karatu, amsarta ta layi biyu ta yi ta tara ƙuri'u shekara da shekaru. Tambaya mai wuya, wadda mutum 20 kaɗai a duniya suka fahimta, ba za ta wuce ƙuri'u 20 ba ko da amsarta ta ci wata guda. Wanda ya shiga shafin a 2008 ko 2009 ya tarar da manyan tambayoyin ba a amsa ba, ya kwashe su. Wanda ya zo daga baya sai kala.

Na biyu, ƙuri'a ba tacewa ba ce. Mai ƙuri'a yakan gwada amsar a kan matsalarsa, in ta yi aiki ya yaba ya wuce. Wani bincike na 2018 ya gano guntun rubutun harshen Java da aka fi kwafa daga shafin, wanda aka rubuta a 2010 domin mayar da girman fayil zuwa adadin da mutum zai karanta cikin sauƙi. A 2019 marubucin da kansa ya bayyana cewa akwai kuskure a ciki: in aka ba shi 999 999, sai ya nuna 1000,0 kB maimakon 1,0 MB. Shekara 9 ana kwafa ana yabo. A 2017 kuma wasu masu bincike a Jamus sun duba manhajojin wayar Android miliyan 1,3, suka tarar kashi 15,4 cikin 100 suna ɗauke da guntayen rubutu na fannin tsaro da aka kwafo daga shafin, kuma kashi 97,9 cikin 100 na waɗannan suna da aƙalla guntu ɗaya mai rauni.

Na uku, mudun yana hannun kamfani. A watan Nuwamba na 2019 kamfanin ya ɗaga ladan ƙuri'ar tambaya daga maki 5 zuwa 10, ya kuma sake lissafin kowa tun daga farko. Mutane suka kwana da wani adadi suka tashi da wani, ba tare da sun rubuta ko harafi ɗaya ba. Shi wannan kamfani ya taɓa buɗe sashen da mutum zai nuna makinsa ga masu ɗaukar ma'aikata, ya kuma rufe shi a watan Maris na 2022. Jami'a ba za ta jingina girman malummanta da ma'aunin da wani yake canzawa yadda ya ga dama ba.

Na huɗu, filin ba daidai yake ga kowa ba. Babban shafin da Ingilishi yake aiki. An buɗe masa rassa da harsunan Fotugal da Japan da Rasha da Sifen, amma babu na Faransanci, balle na Hausa ko Zabarmanci. Amsar da ta riga shigowa ita ta fi samun ƙuri'a, saboda haka mai wutar lantarki da layin intanet marasa yankewa ya riga wanda yake jiran wuta ta dawo. In muka ɗauki makin a matsayin shaidar ƙwarewa, mun hukunta namu malummai a kan laifin da ba nasu ba.

Na biyar, akwai abin da masanin tattalin arziki Charles Goodhart ya lura da shi tun 1975: duk alamar da aka mayar abin nema, sai ta daina auna abin da take aunawa. Ranar da maki ya zama hanyar ƙarin girma, ranar za a fara cinikin ƙuri'a tsakanin abokai da buɗe sunaye na bogi. Zuwan na'urori masu rubutu ya ƙara dagula al'amarin. ChatGPT ya fito a ƙarshen Nuwamba na 2022. Cikin ƴan kwanaki masu kula da Stack Overflow suka hana sa amsoshinsa, domin sun yi yawa, suna da kamar gaskiya, kuma da yawansu kuskure ne. Yau mai duba dosiye ba zai iya gane daga adadi kaɗai ko mutum ne ya yi tunanin ko na'ura ba.

A taƙaice, cikin sharuɗɗanmu huɗu, maki bai cika na hukuncin masana ba, bai kuma tabbatar da na suna ba.

4. Ra'ayi na biyu: abin da ba a buga a mujalla ba, babu shi

Wannan ra'ayi ya fi ƙarfi a majalisun jami'a, kuma yana da dalilinsa: mujalla tana da edita da masu tacewa da ɗakin ajiya. Kuskurensa shi ne ya ɗauki tukunya a matsayin miya. Misalai uku za su nuna haka.

A shekarar 2011, a wani shafi mai suna 4chan inda ake rubutu ba suna, an yi wata tambaya game da wani shirin zane na talabijin ɗin Japan mai kashi 14. In mutum yana son ya kalli kashin nan 14 a kowane jeri mai yiwuwa, yana barin ƙarshen wani jeri ya zama farkon wani, kashi nawa zai kalla a mafi ƙaranci? Da kashi 3, jeri 6 ne, kuma kallo 9 ya isa: 123121321. Wani da ba a san shi ba ya rubuta hujjar da ta nuna cewa da kashi 14 ba za a yi ƙasa da kallo 93 884 313 611 ba, hujjar kuma tana aiki ga kowane adadi. Ta zauna shekara 7 ba masanin da ya tsaya a kanta, sai a 2018 Robin Houston da Jay Pantone da Vince Vatter suka bi ta suka tabbatar da ingancinta, suka sake rubuta ta, suka sa wannan marar suna a matsayin marubuci na farko. Hujjar ba ta zama gaskiya a 2018 ba. Tun ranar da aka rubuta ta take gaskiya. Abin da masanan uku suka ƙara shi ne hukunci da adanawa.

Misali na biyu shi ne MathOverflow, wanda wasu matasan masana lissafi na jami'ar Berkeley ta Kalifoniya suka buɗe a 2009 domin tambayoyi na matakin bincike. Waɗanda suka ci lambar Fields, irin su William Thurston da Timothy Gowers da Terence Tao, sun yi tambaya sun kuma ba da amsa a can. A irin wannan wuri masu ƙuri'a su ne masu sanin fannin, kuskure ba ya daɗewa ba a nuna shi ba, kuma maƙalu da yawa da aka buga a mujallu suna ambaton amsoshin shafin a matsayin madogara. Shafin ma yana da maɓallin da yake ba da yadda za a ambaci kowace amsa. In maƙala ta dogara da amsa, kuma an lissafa wa mai maƙalar aikinsa, da wace hujja za a ce mai amsar bai yi kome ba?

Misali na uku daga mujallun ne da kansu. A 2013 ɗan jaridar kimiyya John Bohannon ya ƙirƙiri maƙalar ƙarya cike da kurakurai bayyanannu, ya aika wa mujallu 304 masu karɓar kuɗi daga marubuci. 157 suka karɓa. Mujallun cin amana irin waɗannan sun fi farautar matasan masu bincike na ƙasashe irin namu, waɗanda ƙidayar maƙalu ta matsa wa lamba. Wanda ya ƙi makin intanet domin adadi ne, sa'an nan ya zauna yana ƙidaya maƙalu ba tare da ya karanta su ba, bai tsira daga ciwon da yake zargi ba.

Wannan gyara ba daga gare mu ya fara ba. Tun 1990 Ernest Boyer, a rahotonsa ga gidauniyar Carnegie ta Amurka, ya raba aikin masani gida huɗu: gano sabon abu, haɗa sanin da ya warwatsu, aiki da shi a kan matsalolin jama'a, da koyarwa. Sanarwar San Francisco da aka fi sani da DORA, wadda aka tsara a ƙarshen 2012, ta nemi a auna aiki da abin da ya ƙunsa maimakon sunan mujallar da ya fito, a kuma kula da sauran abubuwan da bincike yake haifarwa, kamar bayanai da manhaja. Ƙa'idoji 10 na Leiden na 2015 da yarjejeniyar Turai ta 2022 a kan gyaran auna bincike sun bi wannan layi. Babu ɗaya cikinsu da ya ce a lissafa makin intanet. Abin da suka ce shi ne a karanta aikin. Amsa mai kyau tana shiga gida na biyu ko na uku ko na huɗu na Boyer ba tare da an matsa mata ba, wani lokaci ma, kamar yadda muka gani, ta shiga na farko.

5. Suna da mallaka

Akwai abin da ɓangarorin biyu ba su cika tsayawa a kai ba: wa yake cin amfanin aikin, kuma ina zai kasance nan da shekara 20?

A 2009 Gowers ya jarraba warware babbar matsala a bainar jama'a, kowa yana sa abin da ya gani, sakamakon kuma aka buga shi da sunan aro na D. H. J. Polymath. A 2013 Yitang Zhang ya tabbatar da cewa a cikin lambobin da ba sa rabuwa sai da 1 da kansu, wato 2, 3, 5, 7, 11 da sauransu, akwai tagwaye marasa iyaka da tazararsu ba ta kai miliyan 70 ba. Taron Polymath ya sauko da tazarar zuwa 4 680. A watan Nuwamba na wannan shekara James Maynard, yana matashi, ya fito da wata hanya tasa shi kaɗai wadda ta kai 600, ya buga ta da sunansa, sa'an nan ya shiga taron, suka kai 246 a 2014. Maynard ya ci lambar Fields a 2022. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, gaskiya ne, amma kwamitin ƙarin girma ba jinka yake ɗaga wa matsayi ba, mutum ɗaya yake dubawa. Babban malami da ya riga ya kai ƙololuwa yana iya kyauta da tunaninsa. Wanda yake neman matakin farko, in ya zuba nasa a tukunyar gayya, zai yi wuya ya nuna wane cokali ne nasa.

Ta fuskar mallaka kuwa, amsoshin Stack Overflow suna ƙarƙashin lasisin da ya yarda kowa ya kwafa muddin ya ambaci marubuci, amma shafin kansa dukiyar kamfani ce. A 2021 an sayar da shi ga kamfanin Prosus na ƙasar Holan a kan dalar Amurka miliyan 1 800, waɗanda suka rubuta amsoshin ba su sami kome ba. A watan Mayu na 2024 aka sanar da yarjejeniya tsakaninsa da OpenAI. Wasu marubuta da suka yi fushi suka nemi share amsoshinsu, aka mayar da su aka kuma dakatar da wasunsu. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Tambayoyin da suke kai wajen 200 000 a wata a shekarar 2014, zuwa ƙarshen 2025 ba su kai kashi 1 cikin 10 na wannan adadi ba, domin masu koyo sun koma tambayar na'ura. Shafin Yahoo Answers, wanda aka buɗe a 2005, an rufe shi a watan Mayu na 2021 da duk abin da ke cikinsa. Amsar al-Magili ta yi shekara fiye da 500 tana hannun mutane. Ta Yahoo ba ta kai 20 ba. Sharaɗin adanawa ke nan, kuma ba shafin kasuwa zai cika mana shi ba.

6. Shawara ga sassanmu

Sashe ɗaya ba zai canza ƙa'idojin CAMES ba, amma yana da ta cewa a wurin ɗaukar sabbin malummai, da takardun shaida da shugabanni suke rubutawa, da rabon ɗan abin da ake da shi na tafiye-tafiyen bincike. A nan ne muke ba da shawarwari shida.

(a) Kada maki ko matsayi a shafi ya zama hujja. Ɗan takara yana iya ambatonsa, amma juri ba zai ba shi nauyi ba.

(b) Ɗan takara ya zaɓi amsoshi uku zuwa biyar da ya fi alfahari da su, ya buga su a takarda tare da tambayar da ranar da adireshin, ya kuma rubuta ƴan layuka a kan abin da kowace ta warware. Wanda ya san fannin ya karanta su kamar yadda zai karanta maƙala.

(c) A raba su gida uku. Amsar da ta bayyana abin da aka riga aka sani, tana shiga babin koyarwa ko hidimar jama'a. Wadda ta tattara sanin da ya warwatsu ta tsara shi, a ɗauke ta kamar takardun darasi da malami ya wallafa. Wadda ta zo da sabon sakamako kuwa, ba za ta shiga babin bincike ba sai marubucin ya sake rubuta ta cikakkiya, ya aje ta a rumbun da ba na kasuwa ba, kamar arXiv da yake aiki tun 1991, ko HAL na Faransa, ko Zenodo, sa'an nan ya miƙa ta ga mujalla.

(d) A tabbatar da suna. Wanda yake son a lissafa masa, ya yi rubutu da sunansa na gaskiya, ko ya haɗa shafinsa da lambarsa ta ORCID. Inda akwai ganawa da juri, a tambaye shi a kan ɗaya daga amsoshin baki da baki. Minti 10 sun isa a gane mai abu da mai aro.

(e) Wannan babi ƙari ne, ba ya maye gurbin maƙalun da doka ta nema. Ya kamata manyan malummai su faɗa wa matasa wannan tun da wuri, kada wani ya wayi gari da suna a intanet da dosiye marar nauyi.

(f) Duk malami ko ɗalibin da ya yi amfani da amsar wani a kundinsa ko maƙalarsa, ya ambace ta kamar yadda zai ambaci littafi. Yawancin ladan da mai amsa zai samu ta wannan hanya zai zo.

Ga ɗalibin da ya ƙare karatu yana neman aiki a kamfani, al'amarin ya fi sauƙi. Mai ɗaukar ma'aikaci yana son ya ga ko mutum ya iya gane matsala, ya iya bayani, ya kuma iya karɓar gyara ba faɗa. Amsoshi biyu masu kyau suna nuna wannan fiye da jerin diflomomi. Shawararmu gare shi ita ce ya sa adireshin amsoshin a CV, ya bar adadin makin.

Akwai kuma fuskar da ta keɓanta da mu. Kundin sake gina ƙasa na watan Maris na 2025 ya ba Hausa matsayin harshen ƙasa. Harshe ba ya ɗaukar kimiyya da doka kaɗai. Sai an sami masu bayyana lissafi da likitanci da aikin gona a cikinsa, suna ƙera kalmomi suna gwada su a kunnen jama'a. Malamin da yake amsa tambayoyin ɗalibbai ko manoma da Hausa, a intanet ko a rediyo, wannan aikin yake yi, kuma ba zai taɓa tara maki irin na shafunan Ingilishi ba. In muka bi ra'ayi na farko, ba za mu gan shi ba. In muka bi na biyu, za mu ce masa ya ɓata lokaci. Hanyar karanta zaɓaɓɓun amsoshi ita kaɗai take ba shi gurbi.

7. Kammalawa

Mun ga cewa amsa tambaya hanya ce ta ilimi da ta girme mujalla, kuma abin da yake mayar da amsa aikin masani shi ne suna da hujja da adanawa da hukuncin masu sanin fannin. Shafunan intanet sun sauƙaƙa hujja da yaɗuwa, amma sun bar sauran ukun a raunane, makin da suke bayarwa kuma ba ya cike gurbinsu. Masu cewa a lissafa maki da masu cewa a ƙidaya maƙalu kaɗai sun haɗu a wuri guda: dukansu suna neman adadin da zai hutar da juri daga karatu. Shawararmu tana ƙara wa juri aiki, tun da sai ya zauna ya karanta shafi biyar ko goma na kowane ɗan takara. Muna ganin wannan nauyi ne da ya dace jami'a ta ɗauka, kuma muna fatan abokan aiki na sassan lissafi da kimiyyar kwamfuta da harsuna za su gwada shi a ɗaukar malummai mai zuwa, su kawo mana abin da suka gani domin a ci gaba da muhawara a waɗannan shafuka.